Cibiyar da Ba a Binne Ba

Kwanan baya jikata ta kara mini waya a baki ta ce in faɗi wani abu da Hausa. Na ce, "Cikina yana murɗawa." Nan take wayar ta maimaita da Faransanci, da muryar wata mata mai sanyi wadda daga ji ba ta taɓa ciwon ciki ba. Yarinyar da ƙawayenta suka bushe da dariya, wai aikina ya ƙare, in je in huta. Na ce su tambayi matar cikin wayar, murɗawar nan ta zawo ce, ko ta naƙuda, ko kuwa ta uwar da ɗanta ya shiga duniya bai waiwayo ba? Suka yi tsit. To, tunda kun yi shiru, ku gyara zama ku ji yadda aikin yake.

Ni tafintar asibiti ce. A Didaouré aka haife ni, cikin Sokodé. Na tashi da Hausa a gida, Kotokoli a titi, Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, iyakar inda ƙarfin babana ya kai. Yaren Moba kuwa sai da aure ya kai ni Dapaong na tsince shi a kasuwa wurin masu sayar da gero. Za ku ce yau wane gida ne babu ɗan lakwal da zai raka tsoho wurin likita? Akwai su, har sun yi yawa. Amma wane ɗa ne zai dubi idon mahaifinsa ya tambaye shi yadda fitsarinsa yake fita, ko ya gaya masa abin da aka gani a hoto ba mai warkewa ba ne? Ɗa yana jin kunya, yana jin tausayi, sai ya rage magana. Tsofaffi sun san da haka sarai, shi ya sa suke aikowa a kira ni.

Wurin Mma Adiza na koyi aikin. Wata tsohuwa ce siririya mai jan haƙora, kullum tana gindin mangwaron da ke ƙofar asibiti a Sokodé, masu zuwa daga ƙauyuka suna nemanta kafin su nemi likita. Kayan aikinta ba su da yawa: 'yar kujerar katako, goro a ƙulle a bakin zane don kada maƙogwaro ya bushe, sai kunne. Na daɗe ina bin ta ban buɗe baki ba, kujera kawai nake ɗauka. Ita ta nuna mini inda ake zama. Ba a shiga tsakanin likita da mara lafiya. Bayan kafaɗarsa ake ajiye kujera, a yi ƙasa da murya, don ya dubi likita ido da ido, maganar ta riƙa zuwa masa daga baya kamar tunaninsa ne yake yi. Har yau in na shiga ɗaki, kafin in gaida kowa idona yana neman kafaɗar da zan zauna a bayanta.

Aikin da ya fara fito da ni na wata mata ne daga Tchamba. Ta zo da ciwon mara, ƙanin mijinta ɗan lakwal yana yi mata tafinta. Likita ya tambayi yadda take ji, ta sunkuyar da kai ta ce, "Wata guda ke nan ban yi salla ba." Saurayin ya juya ya shaida wa likita da Faransancinsa mai kyau cewa matar ta daina ibada. Likita ya ce wannan ba huruminsa ba ne, ya ɗauki biro zai rubuta maganin ciwon ciki. Mma Adiza ta taka mini ƙafa. Na buɗe baki na ce jini ne yake zubar mata wata guda bai tsaya ba. A ranar aka kwantar da ita. Saurayin bai yi ƙarya ba, kowace kalma ya mayar da ita daidai, irin yadda wayarku take yi.

Sai kalma guda da Mma Adiza ta fi tsanantawa a kanta. Likitoci suna da wata 'yar kalma, peut-être, wato wataƙila. Sabon tafinta in ya ji ta, bakinsa da kansa yake cewa in sha Allahu, don haka muka saba. Amma mara lafiya in ya ji in sha Allahu daga wajen likita, alkawari ya ji. Zai koma gida ya ce an ce zai warke. Mma Adiza ta ce mini, "In likita ya ce wataƙila, ki ce wataƙila. In sha Allahu ki bari sai kun fito waje, ki faɗa da bakinki, a matsayin taki addu'ar." Wannan ya fi komai wuya a sana'ar nan, don kina kallon ƙeyar mutum kina jin yadda yake jiran ki ƙara masa ko da kaɗan ne.

Mummunar shekararmu ita ce ta korona. Aka hana 'yan rakiya shiga, mutane kuma suka guji asibiti kamar gidan maye. Ranar da aka bar ni na shiga, kowa baki a rufe da ƙyalle. A nan na gane ashe rabin jina da ido nake yi. Tsohuwa tana magana a bayan ƙyalle, ban ga leɓenta ba, ban ga inda ta cije shi ba, sai in ji kamar an toshe mini kunne guda. Na zauna a gida watanni ina soya ƙosai, ina fassara labaran rediyo ga kaji don kada bakina ya yi tsatsa.

Bayan wannan shekarar ne na fara jin sunan maganin da zan ba ku labari. Wata budurwa ce mai sikila, iyayenta suna da hali, likita a Dapaong yana yi musu bayanin wani aiki da ake yi a ƙasashen waje, a ɗebi ɓargon ɗan'uwanta a sa mata. Ya ambaci cellules souches. Na tsaya cak, abin da ba na yi. Na ce ya yi mini bayani tukuna. Ya ce jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi, kowace da aikinta, amma akwai wasu da ba a riga an ba su aiki ba, daga gare su sauran suke fitowa. Souche kuwa a Faransanci kututture ne. Sai na tuna darbejiyar gidanmu da aka sare, damina na sauka ta yi toho ta ko'ina. Na ce wa iyayen, ƙwayoyin kututture ne, waɗanda sabon jini yake tohowa daga gare su. Suka gane. Aka kai yarinyar, ta sha wuya ƙwarai, amma ta dawo, yanzu haka tana ɗinki a bayan babbar kasuwa. Saboda haka kada wani ya ce muku abin ƙarya ne. A ciwon jini yana aiki, na gani da idona.

Amma magana in ta shiga waya sai ta yi kitso ta sa ɗankunne. Ba a jima ba aka fara yawo da hotunan tsofaffin Turawa suna guje-guje a bakin teku, wai an yi musu ƙarin ruwa da ƙwayoyin nan, tsufa ya sake su. Tsofaffin zango suka riƙa miƙa wa juna waya bayan sallar la'asar, kowa yana kallo yana shafa gwiwarsa.

A cikinsu akwai Alhaji Garba mai kamiyo, wato manyan motocin ɗaukar kaya. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Ƙonni a Nijar. Ya baro gida yana saurayi, yaron mota, ya yi ta jigilar albasa da shanu tsakanin Gando da Dapaong da Lome har ya mallaki motocinsa, bai sake komawa ba. Na san shi tun jinyar matarsa, ni na zauna a bayan kafaɗarta har ranar da likita ya ce a mayar da ita gida, kuma ban ɓoye mata ba. Yanzu shi ma ya tsufa tukuf. Gwiwoyi sun ƙi, a kujera yake salla, zuciya kuma tana yi masa wasa. Yana da yaya guda da ta rage a ƙauye, Hajo, ta girme shi, ido ya tafi. Ta aiko masa da saƙon murya a wayar wani jikanta, cewa ya zo ta taɓa fuskarsa tun ana iyawa. Shi kuwa ya rantse ba za a shiga da shi garinsu a ɗauke kamar buhun albasa ba. Da ƙafarsa ya fita, da ƙafarsa zai shiga. Babban ɗansa Mustafa ya samo wani asibiti a wata ƙasa mai nisa da ke yin ƙarin ruwan nan, Alhaji ya ce a fara kai shi can ya miƙe, sannan ya je wa Hajo. Likitansa na Dapaong ya riga ya gaya musu zuciyar nan doguwar tafiya guda za ta iya ɗauka, ita ma da lallaɓawa. Ko jirgi, ko hanyar gida.

Aka sa ranar da za a yi magana da likitar can ta kwamfuta. Mustafa ya fi ni Faransanci nesa ba kusa ba, amma Alhaji ya ce sai an kira ni.

Da hantsi ne, a zaurensa. Fanka tana juyawa a hankali, hasken rana yana shigowa ta labule ya kwanta a kan darduma. Aka ɗora kwamfuta a kan tebur, wata mata ta bayyana a ciki da farar riga, bayanta taga ce, ana hango ruwa shuɗi da wani jirgin ruwa da ya ƙi motsi. Alhaji ya daɗe yana kallon ruwan nan. Na ajiye kujerata a bayan kafaɗarsa.

Matar tana da ladabi, ta yi bayani a tsanake. Kwana kaɗan ne, ƙarin ruwa ne a jijiya da allura a gwiwa. Ina mayarwa, Alhaji yana gyaɗa kai, idonsa a lumshe. Na san inda yake. Yana can yana sauka daga mota a bakin kasuwar ƙauyensu, babbar riga tana kaɗawa, yara suna biye da shi.

Ya buɗe ido ya ce, "Ɗiyata, tambaye ta. In anka yi mini, ina tahiya da ƙahwata?"

Na tambaya. Matar ta ɗan gyara tabarau. Ta ce wasu sun ce sun ji sauƙin gwiwa na wani lokaci, wasu ba su ji komai ba. Batun mayar da tsufa baya ko ƙara tsawon kwana kuwa, ana kan bincike, babu wanda ya tabbatar da shi tukuna. Sannan ta faɗi 'yar kalmar nan.

Mustafa ya yi caraf ya ce, "Baba, dokita ya ce in sha Allahu." Yaran Dapaong ke nan, mace ma ya ce suke ce mata.

Alhaji bai ko dube shi ba. Ya ɗan karkato kunne baya. "Mi ta ce?"

Na ce, "Baba Alhaji, ta ce wataƙila."

Ya mayar da ido kan ruwan nan. Na ji tausayinsa har cikin raina, amma na riƙe bakina. Can ya ce wataƙila ma abu ne, ya sha ɗaukar kaya a kan wataƙila ya ci riba. Ya ce a ci gaba. Sai ya yi tambayar da duk wanda ya yi fatauci yake yi, daga ina kayan suke fitowa. Na gaya masa zancen kututture. Ya ce ya gane, amma kututturen wa? In nasa ne, ai ya ruɓe.

Matar ta yi murmushi ta ce ba nasa ba ne. Daga igiyar cibiyar jarirai ake samu, sababbin haihuwa.

Mustafa ya sunkuyo wajena ya yi ƙasa da murya. "Tanti, don Allah faɗa ma shi magani ne kawai. Pardon, Tanti."

Yaron ba mugu ba ne, son ubansa yake yi, ya kuma san halin uban. Amma ba shi ya kira ni ba. Na ce, "Baba Alhaji, daga cibiyar jarirai ake ɗiba."

Ku da aka haifa a asibiti wataƙila ba ku san nauyin wannan ba. Mu a wurinmu in an haihu, ungozoma takan wanke mabiyiya da abin da aka yanke na cibiya, a haƙa rami a bayan ɗakin uwar, a binne da addu'a. Wurin nan shi ne garin mutum. Ko ya yi shekara nawa a wata ƙasa, in an tambaye shi asalinsa, inda aka binne cibiyarsa zai faɗa.

Alhaji ya miƙe zaune sosai, abin da na daɗe ban ga ya yi ba. "Cibiyar ɗiyan wa?"

Matar ta ce ba a faɗin suna. Iyaye mata ne suke bayarwa da yardarsu, an gwada an tabbatar babu cuta.

"Ba a binne ba ke nan?"

Na mayar. Matar ta ɗan rikice, ta ce a can ba a binnewa. In ba a bayar ba ma, ƙonawa ake yi tare da sauran tarkacen asibiti. Ta ƙara da cewa babu abin da yake samun jariran, suna nan lafiya lau. Gaskiya ta faɗa, na kuma mayar masa da ita yadda take.

Alhaji ya jingina da kujera. Fanka tana ta juyawa. Ya fara magana a hankali, ba da ni ba, ba da matar ba. Ya ce to yaran nan in sun girma aka ce ina ne garinku, sai su ce ina? Su ce gwiwar wani tsoho a Dapaong? Ya ɗan yi dariya. Ya ce yana ganinsu, farare da baƙaƙe da jajaye, sun yi layi a ƙofar gidansa da jakunkuna, kowa ya zo ganin gida. Ina zai sauke su? Ya ce in ya mutu kuma da shi za a binne garuruwansu duka, a maƙabartar da ba su san hanyarta ba. Matar ta tambaye ni abin da yake cewa. Na mayar mata duka, har layin da jakunkunan. Ta cire tabaranta ta riƙe a hannu.

Daga nan ya ce, "Ki yi mata godiya, mutuniyar kirki ce, ba ta ruɗe ni ba. Ki ce mata ni ina da tawa cibiyar. Na san wadda ta san inda anka sa ta."

Mustafa ya ce, "Baba, ɗaukar ka fa za a yi."

"A ɗauka."

Da muka fito ƙofar gida na ce masa in sha Allahu zai isa lafiya. Wannan tawa ce.

Ya ce sai na bi su, wai in ya faɗi a hanya aka kai shi asibiti, ni yake so a bayansa. Muka tafi da Mustafa da matar Mustafan, a hankali, muna kwana a hanya, muka zaga ta Benin muka haye Kwara. Tun daga ƙetaren kogin ya daina barci a mota. Ƙasa ta koma ja, itatuwa suka gajarce, rumbuna suka fara bayyana a bakin hanya. Yana kiran sunayen garuruwa kafin mu iso su, wani ya dace, wani kuma garin ya ƙaura ko ya canza suna. Hausar da ake yi a tasha ta koma irin tasa sak. Mai sayar da ruwa ya yi magana, sai na ji kamar Alhaji ne yana yaro.

Da la'asar sakaliya muka shiga ƙauyen. Mota ba ta shiga lungun, sai samari biyu suka ɗauke shi a kujerar roba. Abin da ya yi shekaru yana gudu ke nan. Ya runtse ido, ya ja hula ya rufe goshi, ni ina biye da 'yar kujerata a hannu, ina jin kunyar da yake ji kamar tawa. Amma babu wanda ya yi dariya. Mata suna leƙowa ta katanga suna yi masa maraba, ba su ma san ko wane ne ba.

Hajo tana zaune a tabarma a tsakar gida, 'yar mitsitsiya, kamar iska za ta ɗauke ta. Aka sauke shi a gabanta. Ta miƙa hannu biyu ta laluba gemun, da kumatun, da kunnuwan, ta daɗe a kan wani tabo da ke gefen girarsa.

Ta ce, "Tanko."

Mustafa ya dube ni, don bai taɓa jin sunan ba. Sunan da ake ba namijin da ya biyo bayan mata ne, kuma duk waɗanda suka san Alhaji da shi sun mutu, sai ita.

Ta ce, "Tanko, ka rame. Ba su ba ka abinci can?"

Ya riƙe hannunta. Abin da ya fara tambaya shi ne inda aka binne cibiyarsa. Ta ɗaga sandarta ba tare da ta juya ba, ta nuna wani kango a kusurwar gida, ɗakin mahaifiyarsu da ya rushe. A bayansa an kafa turke, wata akuya tana kwance tana tuƙa. Alhaji ya dubi akuyar nan ya yi ta dariya har hawaye suka jiƙa masa gemu.

Bai koma Dapaong ba. A can ya zauna har Allah ya yi masa cikawa, gwiwar kuma ba ta taɓa miƙewa ba. Ban san abin da ƙarin ruwan nan zai yi masa ba da ya je, likitar ma ba ta sani ba. Wataƙila nan gaba masu bincike su gano, ku ku ci moriyarsa. In kun je, ku dai nemi wanda zai gaya muku wataƙila in an ce wataƙila.

Abin da ya tsaya mini a rai na yammacin nan ne. Saboda sabo, ban san lokacin da na ajiye kujerata a bayan kafaɗarsa ba. Ya waiwayo ya gan ni.

Ya ce, "Ɗauke kujerarki ki huta, ɗiyata. Nan kowa na jin abin da nike cewa."

Na ja ta gefe na zauna a inuwar rumbu, na ɓare goro, hannuna da bakina babu aiki. Rana tana sauka, hayaƙin girki ya kwanta a kan katanga. Su biyu suna ta ƙus-ƙus, suna lissafa matattu suna dariya. Can Hajo ta laluba gefenta ba ta samu abin da take nema ba. Ta ɗaga murya irin ta babbar yaya, ta ce, "Kai Tanko, miƙo mini butar can."

Mutumin da ya yi shekaru aru-aru babu mai aikensa, mai motoci da direbobi da jikoki. Na ga ya zabura daga cikin kujera ya miƙa hannu da sauri.

Ya ce, "To, Yaya."